Ranar da karara ta ladabtar da ni a Dutsen Kufena

Hawan dutsen shawarar taubashina ce, ni kuma na manta cewa taubashi ba ya kai ka wurin da zai rasa abin tsokanarka. Muka tashi daga Kawo, a Kaduna, bayan sallar asuba, wata Asabar a cikin Janairu, hunturu na kaɗawa. Mu uku ne: ni, shi, da Yayanmu a kan sitiyari. Muka wuce Rigachikun, Maraban Jos da Jaji, tafiyar kilomita kusan 80, muka shiga Zariya muka karkata Wusasa, garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi. Dutsen na nan a bayan garin, ya yi zaune kamar mai jiran baƙi.

Kuskuren farko tun daga gida na yi shi. Saboda hoto, na sa farar shadda da sabon takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa. Yaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, ɗaurin aure za ka ko hawan dutse?" Na ce ai Kufena mazaunin Zage-zagi ne na dā, bayan sun baro Turunku, ga ma kufan ganuwa har yanzu, bai kamata a je wa manya da tsumma ba. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a.

A gindin dutsen muka tarar da wani yaro yana kiwon awaki, silifansa ɗaure da waya. Ya gaishe mu, ya ce, "Kawu, in nuna muku hanya?" Na ce dutse ga shi a gabanmu, ina abin ɓata? Bai yi musu ba, ya dai biyo mu daga nesa. Yanzu na gane kallo ya biyo.

Ban yi taku hamsin ba takalmin ya fara sana'arsa. In ɗaga ƙafa gaba, dutse ya maido ni baya. Ƙarshe na cire shi na riƙe a hannu, na koma rarrafe kamar jariri, ga ƙarangiya ta yi wa safata ado. A haka wandona ya ce ɓarrr ta baya. Allah ya sa rigar doguwa ce.

Sai muka zo wani lungu mai ɗan duhuwa, ƙafata ta sake zamewa, na kai hannu na damƙi wani tsiro mai yaɗo, da 'ya'ya masu gashi-gashi launin ƙasa. Yaron ya kurma ihu, "Kawu, karara ce!" Ina, bakin alƙalami ya bushe. Wanda bai taɓa haɗuwa da karara ba, ba zai gane ba. Wannan gashin nata mai laushi kamar ƙura shi ne masifar: ya shige fata, sai ƙaiƙayi ya tashi kamar an watsa maka barkono da allurai, kuma da rani, in 'ya'yan sun bushe, iska kaɗai ta isa ta kawo maka shi. Na sosa hannu, na share zufar wuya da hannun, wuya ya ɗauka. Na sosa wuya, na taɓa fuska. Cikin minti biyu ina tsalle a kan dutse, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan ya gangara ya yi nasa wuri.

Yaya na cewa "Sannu, sannu," amma kafaɗunsa na rawa. Taubashina ko kunya babu, ya zauna dirshan yana dariya har da hawaye, wayarsa a saitina. Yaron ne kaɗai ya yi abin kirki. Ya ce in daina susa, susa ke ƙara tura gashin ciki tana yaɗa shi. Ya ɗebo busasshiyar ƙasa ya goge mini hannu da wuya, ya ce in cire rigar in kaɗe ta nesa da mutane. Cire riga kuwa ya tona asirin wando. Nan ma aka buɗe sabon babin dariya.

Da kyar muka kai sama wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Da ma abin da ya kawo mu shi ne mu hango birnin Zariya da Samaru shimfiɗe a ƙasa. Muka duba gabas, hazo. Muka duba arewa, hazo. Ko'ina fari fat kamar an rufe duniya da likkafani. Yaron ya ce ai masu son kallo ƙarshen damina suke zuwa, lokacin sama ta wanku. Babu wanda ya tambaye shi tun a ƙasa, shi ya sa bai faɗa ba.

Muka ce to a ci guzuri a huce. Taubashina ya buɗe ƙunshin kilishi, ya zaɓi falle mafi girma, ya ɗaga yana yi mini gwalo wai masu ƙaiƙayi ba sa cin yaji. Shirwa ta sauko fyuu ta wafce, ta bar shi da yatsu a sama. Wallahi a take na ji ƙaiƙayina ya ragu da rabi.

Saukowa ta fi hawa wuya, gwiwa na karkarwa, ido na ganin zurfi. Ni dai a zaune na yi rabinta, ina jan gindi, tunda wandon ya riga ya gama yawo. Wannan karon yaron ne a gaba, duk inda ya taka nan nake bi, ban ƙara taɓa ko ciyawa ba sai na ce, "Ɗana, wannan fa?" A ƙasa ya tsinto mini takalmina a cikin ƙaya, wata akuya ta riga ta ɗanɗana bakinsa. Muka sallame shi da abin da ya sawwaƙa, Yaya ya ƙara masa sauran kilishin.

Kafin mu iso Jaji, bidiyon ya zaga zauren WhatsApp na dangi. Da na shiga gida, Hajiya ta dubi shaddar da ta koma ja, ta dubi wuyana da ya yi ruɗu-ruɗu, ta ce, "Sannu da zuwa, Sarkin Karara. A ɗora maka ruwan zafi ko a kira maka tela tukuna?"