Laraba: a sauya furosesa ko a bar ta?

Yau na duba wata kwamfuta mai Core i7-7700, furosesar 2017, don a san ko raunin tsaron da ke cikin furosesar ya kai a sauya ta. A Linux abin ba ya cin minti ɗaya: ka buɗe /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities, kowane rauni da fayil ɗinsa. Raunin da ake kira Meltdown an toshe, wanda ake kira Spectre ma an toshe. A layin gather_data_sampling kuwa, wato Downfall, sai ga "Vulnerable: No microcode", ma'ana raunin a buɗe yake don babu sabon microcode, wato ƙaramar manhajar da ke cikin furosesa.

Tushen matsalar riga malam masallaci ne. Furosesa ba ta jiran a tabbatar mata da reshen da manhaja za ta bi. Sai ta yi hasashe ta fara aikin, in ta yi kuskure ta zubar da sakamakon. Amma sawun aikin yana nan a cache, wato ƙaramar ma'ajiyar bayanai ta furosesa, kuma wanda ya iya auna saurin karanta bayanai zai bi sawun nan ya tsinci kalmar sirri ko mabuɗin ɓoye bayanai. Tun Janairun 2018 ake fama da wannan, sannan a 2023 Downfall ya taɓa Intel daga ƙarni na 6 zuwa na 11, Zenbleed kuma ya taɓa Zen 2 na AMD.

Maganin na yau bai kai a buɗe akwati ba. Na saka intel-microcode, kunshin da ke sabunta microcode ɗin Intel a Linux, na sake kunnawa, layin ya koma "Mitigation: Microcode". Sabunta BIOS, manhajar allon kwamfuta, ma yana kawo shi, in kamfanin allon bai daina fitarwa ba. Kuɗin gyaran dai da raguwar saurin injin ake biya: aikin da ya dogara da umarnin gather na AVX2, wanda ke tattaro bayanai daga wurare da yawa a lokaci ɗaya, zai yi nauyi sosai, rubutu da shiga intanet kuwa da wuya a ji bambanci. Masu saka mitigations=off, wanda ke kashe waɗannan kariyar a Linux, don su dawo da saurin suna ba ni tsoro, domin burauza kullum tana gudanar da manhajar baƙi daga shafukan intanet.

Hukuncina ya rataya ga wanda ke hawa injin. Sabar da ke ɗauke da injunan mutane daban-daban, a kashe Hyper-Threading, wanda ke sa ayyuka biyu su raba core ɗaya, saboda MDS, wani rauni irin wannan, a kuma fara shirin sauya ta. Kwamfutar mutum ɗaya kuwa, muddin microcode na zuwa, a bar ta. Abin da zai kori wannan i7 ɗin ma daban ne: Windows 11 ba ta karɓar ta, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Tunda Linux ce a kanta, na bar ta a bakin aiki.