Kafin ka shafa wa daɓen ɗakinka maganin sheƙin nan

Ranar Asabar na leƙa ginin ɗan ƙanwata da yake ta fafutukar gamawa kafin biki, ina shiga zaure na tarar da jarka biyu a jingine, babu takarda a jiki babu sunan kamfani, sai warin tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, da ya cika wajen. Na ce wannan fa? Ya ce Kawu ai maganin daɓe ne, in an shafa sheƙi yake ba sai an sa tayil ba, ya ciro waya yana nuna min bidiyon TikTok. Na duba daɓen na ga har yanzu da duhunsa, na ce yaushe aka zuba, ya ce satin da ya wuce. Wallahi gabana sai da ya faɗi, don abin da na yi kenan a gidana, kusan babu bambanci.

Ni lokacin da na yi nawa a matse nake. Mai gidan haya ya ba ni notis, kuɗi sun ƙare a rufi, ga yara. Da aka zo zuba jaman fulo, wato kankaren ƙasan ɗaki, magini ya ce Alhaji a sa leda a ƙasa, na ce nawa, ya faɗa, na ce a bari. Ba wani kuɗi ba ne fa, amma wanda ya taɓa gini ya san yadda kake ji a ƙarshen aiki, kowa ya buɗe baki kuɗi zai ce, har ka koma zargin duk wanda ya ba ka shawara. Kuma shi ma maginin bai dage ba, da ya zaunar da ni ya ce filin nan kwari ne, ruwa yana kwanciya da damina, da wataƙila na ji. Toh amma ya faɗa sau ɗaya, ni ne na ƙi. Siminti ma na sa aka ja shi, yashi ya yi yawa, shi ya sa da muka tare daɓen ya dinga tashi, uwargida ta share da safe kafin azahar ƙura ta dawo, yaro ya yi rarrafe gwiwarsa ta yi fari fat.

Kuɗin tayil babu. Wani a majalisa ya ce in shafa baƙin mai, na gwada a sito, har yau wajen ba ya karɓar fenti ba ya karɓar komai, ga shi man da ya fito daga inji datti ne mai guba, bai kamata ya zauna inda ake ajiye buhun abinci ba. Daga nan na shiga kasuwa aka auna min wani ruwa daga duro zuwa jarka, mai shagon ya rantse da shi ake yi wa manyan gidaje. Ban tambayi sunansa ba, ban tambayi me ke ciki ba. Na shafa da kaina da rola, watan Afrilu, da rana tsaka, na labta shi da kauri don a tunanina yawan shi ne ƙarfin shi, sannan na rufe tagogi ruf kar ƙura ta ɓata min sheƙi.

Daren nan ba na son tuna shi. Yara suna ɗakin da ke jikin falon a kan katifa a ƙasa, ashe tururin irin wannan maganin mai tina ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda hancinsu yake. Ƙaramar ta tashi tana tari numfashi yana fita da ƙyar, babban yana amai, ni kaina kaina kamar zai tsage. Uwargida kuma don ta kashe warin ta ɗauko kasko za ta sa turaren wuta, Allah ne ya sa maƙwabcina mai aikin fentin mota ya shigo jin hayaniya, ya ƙwace kaskon ya yi waje da shi yana salati, ya ce tururin nan wuta yake kamawa. A asibiti muka kwana. Na sha gaya wa kaina ai ban sani ba, kuma gaskiya ne ban sani ba, lokacin babu wayar da za ka duba komai a ciki, amma hancina ya ji warin tun a shago, kuma na ga jarkar babu rubutu.

Sheƙin kuwa bai ga ƙarshen damina ba. Watan Agusta daɓen ya fara yin fari-fari daga ciki, sai ƙuraje, sai ya dinga ɓarewa falle-falle. Daga baya na gane dalili. Kankare yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, danshin ƙasa yana hawowa ta cikinsu ya fita, ni kuma da ban sa leda a ƙasa ba sai na zo na toshe sama, kamar mai ɗaure gyambo bai wanke ba. Ruwan da ya rasa hanya ya ture maganin, saura ya bi gindin bango, filasta ta fara fitar da farin gishiri tana zubowa. Kuɗin da na kashe a kankarewa da gyara ya fi na ledar nesa ba kusa ba.

Na yi niyyar rubuta muku abubuwa da yawa, amma na san ba karantawa za ku yi ba, bidiyon minti ɗaya ma sai kun tsallake rabi. Don haka ga kaɗan.

Sabon siminti a bar shi ya kai kwana 28 kafin a shafa masa komai, biki ko ba biki ba. Amarya za ta iya tarewa a kan leda ko kafet. Bayan nan ma ka gwada, ka yanko leda kamar santimita 45 kowane gefe, ka manne ta a daɓen da salatif ta ko'ina, ka bar ta kwana guda. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko wajen ya yi duhu, akwai danshi, duk abin da ka shafa mai yin fata a sama zai tashi. Ka fara neman inda ruwan yake fitowa, indararo ne yake zuba a gindin bango, famfo ne ya fashe, ko tsakar gida ce ba ta da gangare. Rufin kankare da ke yoyo ma haka, in akwai tsagewa sai an cike ta, in ruwa yana kwanciya sai an gyara gangaren, maganin shafawa ba ya ɗinke tsaga.

Magungunan kashi biyu ne. Akwai masu nutsewa cikin simintin, su silen da siloksen, ba sa sheƙi ko kaɗan, ka shafa ka ga kamar ba ka yi komai ba, amma ka zuba ruwa ka ga ya dunƙule yana gangarewa, kuma suna barin danshin ciki ya fita, su suka dace da tsakar gida da bangon waje. Siliket shi ma nutsewa yake, aikinsa ƙarfafa daɓe mai tashin ƙura, da shi na samu tun farko da ban shiga wannan halin ba, sai dai ba ya hana ruwa sosai kuma a kiyaye ido da shi don yana ƙuna. Sai masu yin fata a sama, akirilik da ifoksi da foliyuritan, su ne masu sheƙin da ke ruɗar ku. Ifoksi yana da ƙarfi a busasshen ɗaki, amma rana tana mayar da shi rawaya. Kuma duk mai sheƙi santsi yake in ya jiƙe, kar wanda ya kai shi wajen alwala ko banɗaki a gidan da akwai tsohuwa.

Cikin ɗakin kwana, magani mai ruwa za ka nema, wanda ake wanke rolarsa da ruwa. Mai tina ka rabu da shi kwata-kwata. Ko da yake in zan faɗi gaskiya a waje yakan fi mai ruwan jurewa, in ka ga dole sai shi to a fili, da sassafe kafin siminti ya ɗau zafi, shafi biyu marasa kauri, babu wuta babu janareta a kusa, yara da mai ciki da mai asma su bar gidan. Takunkumin korona ba ya tare wannan tururin, sai irin na masu fentin mota mai matata a gefe.

Kar ka yarda da maganar mai shago, sayarwa yake son yi. Maginin ma ba komai ya sani a kan waɗannan ba. Amma kuma ka saurari maginin, ni rashin sauraronsa ne ya kai ni. Ban san yadda zan daidaita muku wannan ba, abin da dai na tabbatar shi ne galan mai hatimi mai rubutu a jiki, ka karanta ko ka kai wa wanda zai karanta maka. Ku da kuka yi boko kuna da waya a hannu dare da rana, sunan abin da za ku shimfiɗa a ɗakin da jaririnku zai yi rarrafe ne ba za ku iya dubawa ba? Kuna iya bin diddigin kuɗin waya a shago goma amma wannan a'a.

Rizabar ruwan sha kuma kar a shafa mata komai sai wanda aka rubuta ƙarara an yi shi don ruwan sha. Ragowar maganin kar a juye shi a kwata, kar kuma a zuba shi a robar lemo a ajiye a sito inda yaro zai iya ɗauka.