Abin da Iyali Ke Samu Idan Mai Fanshon Nakasa Ya Rasu

Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ba ma'aikaci damar yin ritaya kafin ya cika shekara 50 idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar cewa jikinsa ko ƙwaƙwalwarsa ba za su iya ci gaba da ɗaukar aikin ba. Wannan tanadi ne mai kyau, sai dai abin da ya fi damuna shi ne halin da matar irin wannan ma'aikaci da 'ya'yansa ke shiga bayan rasuwarsa, domin da yawa suna zaton kuɗin da yake karɓa duk wata zai ci gaba da shigowa. Maganata a kan ma'aikatan tarayya ce, saboda jihohi irin su Kano da Jigawa suna da nasu tsarin.

Abu na farko da ke kuɓucewa shi ne inshorar rai ta ma'aikata, wadda ke biyan iyali aƙalla ninki uku na albashin shekara. Wanda ya rasu yana bakin aiki ake biya wa ita, don haka daga ranar da aka sallami mutum saboda lalura, wannan kariya ta ƙare.

Abin da ya rage shi ne asusunsa na fansho, inda yake zuba kashi 8 cikin ɗari na albashi, gwamnati kuma kashi 10. Wanda ciwo ya katse wa aiki da wuri bai tara abin kirki ba, kuma a kan wannan ɗan abin ne za a ajiye masa takarda a ce ya zaɓi ɗayan hanyoyi biyu. Idan ya bar kuɗin a hannun kamfanin fansho ana ba shi kaɗan-kaɗan duk wata, to duk abin da ya saura ranar da ya rasu na magadansa ne. Idan kuwa ya miƙa shi ga kamfanin inshora, za a biya shi har ƙarshen ransa, amma lamunin magada shekara 10 ne kawai. Wanda ya rasu a shekara ta shida, za a ba iyalinsa na shekara huɗun da suka rage, wanda kuma ya haura goman, ba abin da za su karɓa sai in tun farko an sanya matarsa cikin yarjejeniyar. Kuma wanda ya koma inshora ba ya iya dawowa. A ganina bai dace mai jinya ya sa hannu a wannan takarda shi kaɗai ba, ba tare da matarsa ko babban ɗansa sun ji bayanin da kunnensu ba.

A tsohon tsarin fansho na kafin a fara tara kuɗi a asusu, wanda hukumar PTAD mai biyan 'yan fanshon tarayya na wancan tsari ke kula da shi, lamunin magada shekara biyar ne daga ranar ritaya.

Diyyar rauni a wurin aiki kuwa dokar 2010 ce ta tanade ta a ƙarƙashin hukumar NSITF mai biyan ma'aikata diyya, kuma haƙƙin iyali a cikinta ya rataya ne a kan tabbatar da cewa raunin ko cutar da aiki ya jawo ita ce sanadin mutuwar. Shi ya sa katin asibiti da rahoton likitoci na ranar sallama suke da daraja ko bayan shekaru.

Sai kuma batun wanda ma'aikaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa. Mutane da dama suna ɗauka shi ne magaji, alhali kamfanin fansho ba ya sakin kuɗi sai an kawo takardar shaidar mutuwa tare da wasiyyar da kotu ta amince da ita ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Gwauruwar da ke cikin takaba ba ta iya zirga-zirgar kotu da banki, sau da yawa kuma ba ta san sunan kamfanin da mijinta yake ba, balle lambar asusunsa, wadda ita ce abin da za a fara tambayarta a ofishin.