Tabarau, maganin ɗigo da kuɗin aikin leza: abin da nake gani a shagona a Aboabo

Shagona na tabarau yana Aboabo, a nan Kumasi. Ni ba likita ba ne. Abin da na koya shi ne karanta takardar da mai auna ido ya rubuta, in yanka gilashi daidai da lambar, in zaunar da shi a firam, in daidaita hannun tabarau da kunne da karan hancin mai shi. Akwai mai auna ido da ta yi karatu a jami'ar KNUST, tana zuwa wasu ranaku a mako, ita ke duba mutane. Sauran ranakun ni da yarona ne, sai injin goge bakin gilashi, sai masu shigowa da tabarau a ƙulle a hankici saboda jika ya zauna a kai.

Kusan duk kayan aikinmu daga waje suke zuwa, firam da gilashi yawanci daga Sin, kuma da dala ake sayo su. A 2022, lokacin da sidi, kuɗinmu na Ghana, ya yi mummunar faɗuwa, na sha ba mutum farashi yau, kafin ya haɗo kuɗin dillali ya ƙara. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, tana biyan awon ido a asibitin da ke karɓar katin, amma ba ta biyan tabarau. Shi ya sa mutum kan zo da takarda daga asibiti ya tsaya muna lissafi tare, mu bar firam mai tsada mu sa kuɗin a gilashi mai kyau.

Matasa kuma da wata tambaya suke zuwa. Sun gani a waya ana yin aiki da hasken leza mutum ya ajiye tabarau, suna son su ji nawa ne. Aikin gaskiya ne, ana kiransa LASIK. Likita yakan ɗaga ɗan siririn ɓangare na fatar nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, leza ta kankare kaɗan daga ƙarƙashi don haske ya riƙa sauka daidai a cikin ido, sannan a mayar da fatar. Ido biyu ba sa cin rabin awa. A Amurka kuɗin ido ɗaya yakan kai dala 2,000 zuwa 3,000. A nan gida ma lissafin dala yake bi, domin injin da wuƙaƙensa da masu gyara shi duk daga waje ne, ga shi NHIS ba ta taɓa shi. Wanda ya ji farashi sai ya tambaya da kyau: na ido ɗaya ne ko biyu, gwajin kafin aiki yana ciki, magungunan bayan aiki fa, komawa dubiya fa, idan lamba ta ɗan dawo aka buƙaci ƙari wa zai biya. Idan tafiya za a yi, a haɗa da kuɗin mota da masauki.

Kuma ba kowane ido ne ke ɗauka ba. Sai mutum ya wuce shekara 18, lambar tabaraunsa ta tsaya wuri ɗaya aƙalla shekara guda, fatar gaban idon tana da kauri. Mai ciki da mai shayarwa sai su jira. Bayan aikin ido kan bushe na watanni, wasu kuma suna ganin fitilar mota da zobe kewaye da ita da dare, abin da direban da ke bin hanyar Tamale cikin duhu ya kamata ya sani tun kafin ya biya.

Wani dattijo mai sayar da goro ya ce da ni ɗansa da ke waje zai turo kuɗi a yi masa leza, don ya gaji da neman tabarau duk lokacin da zai buɗe Alƙur'ani. Na ce, "Baba, ranka ya daɗe, naka ba irin wancan ba ne. Daga shekara 40 ƙwayar da ke cikin ido takan fara tauri, sai karatun kusa ya yi wuya. Wannan na girma ne, kowa zai same shi. Bari a auna ka tukuna." Da aka auna, tabarau na karatu kawai yake buƙata, da igiyar rataya shi a wuya. Ko saurayin da aka yi wa leza yau, idan Allah ya ba shi tsawon rai zai dawo neman irin wannan.

Aikin idon da na fi so mutanenmu su tambaya a kai shi ne na yana. Tsofaffi da yawa a Zango suna zaune a ɗaki, ana jan su zuwa masallaci, an ce ai tsufa ne. Alhali yana ana cire ta, a sa ƙwayar roba a madadin wadda ta yi fari, mutum ya koma ganin fuskar jikokinsa. Cire yana yana cikin abin da NHIS ke biya, kuma wanda ya haura shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara. Ana sabunta kati ta waya da *929#. Sashen ido na asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, ba shi da nisa da mu. A tanadi ɗan abin hannu don magani da zirga-zirga, amma ba kuɗin da za a sayar da fili ba ne. Abin da nake roƙo shi ne kada a kai tsoho wurin masu tura yana cikin ido da tsinke. Yakan ga haske na ɗan lokaci, daga baya idon ya lalace yadda likita ma ba zai iya ceto shi ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko da ƙura, rabin masu shigowa ba tabarau suke nema ba. Ido ne ke ƙaiƙayi, yana ja, kamar an zuba yashi. Masu toya waina da ƙosai a kan itace, 'yan babur, teloli, da yaran da ke kwana a kan waya. Abin da ke kwantar da wannan ba shi da tsada: a wanke fuska da ruwa mai tsabta, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora a kan ido a rufe, a ɗiga ruwan hawaye na kwalba wanda ba magani a cikinsa, a daina murza. Mai babur ya sa tabarau mai rufe gefe. Mai kallon waya ko kwamfuta ya riƙa ɗaga kai yana duban nesa, yana ƙifta ido. Hazbiya kuma ruwan ɗumi take so a tsumma, ba matsa ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne 'yar kwalbar maganin ɗigon ido da ake saya a kemis ba takardar likita. Wasu daga cikinsu akwai sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone. Ɗigo ɗaya ja ya tafi, ƙaiƙayi ya lafa, sai mutum ya ce ya samu magani, ya ci gaba da sa shi wata da watanni, har ya ba maƙwabci. A hankali maganin yana ɗaga ƙarfin ruwan cikin ido, yana iya kawo yana, yana iya ƙara rura ciwon da ƙwayar cuta ta kawo. Ghana na cikin ƙasashen da gulakoma, cutar da hauhawar ƙarfin ruwan cikin ido kan kawo, ta yi yawa, ita kuwa ba ta ciwo. Tana cin gani daga gefe, kuma abin da ta ci ba ya dawowa da tabarau ko da leza. Uwaye na kawo yaran da farin idonsu ya koma ruwan ƙasa saboda ƙaiƙayin da ya daɗe, in ce, "Hajiya, me ake sa masa?" sai ta ciro kwalbar daga jaka. Irin wannan yaro likita ne zai ba shi magani ya kuma riƙa auna ƙarfin idon. Ban ajiye waɗannan kwalabe a shagona ba, duk da ana tambaya kuma da riba. Duk wanda ya haura 40, balle wanda aka taɓa makancewa a gidansu, ina tura shi a auna masa ƙarfin ido ko da yana gani garau.

Sai Apolo, ciwon idon da ya fara ɓulla a nan Ghana a 1969. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, yawanci yana wucewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba a ɗaukarsa ta kallon mai shi, ta hannu da tawul da matashin kai yake yawo, don haka wanke hannu da sabulu da raba tawul su ne kariya. Duk lokacin da ya zagayo sai an ji an ɗiga ruwan gishiri, ruwan sukari, nonon uwa, har da fitsari. Waɗannan su ke mayar da ciwon kwana kaɗan ya zama gyambo a baƙin ido. Kwalli ma a ajiye shi har ido ya warke, kada mutum biyu su yi amfani da tsinke ɗaya, jarirai kuma a bar sa musu, domin wasu kwallin akwai dalma a ciki.

Akwai waɗanda ba na bari su zauna a benci su jira. Wanda gani ya ragu masa farat ɗaya, ko idon ke ciwo mai tsanani ba ya son haske, ko farin tabo ya fito a baƙin idon, ko mai walda da ƙarfe ya fantsama masa, ko jaririn da idonsa ke zubar da mugunya, asibiti ne a ranar. Idan ruwan batir ko siminti ne ya shiga, a fara kwarara ruwa mai tsabta a idon na tsawon minti 15 ko fiye kafin ma a nemi mota.