Abin da riƙon littafin dillalin kifi ya koya min

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar dillalin banda yana riƙe masa lissafi, kamar yadda na yi a kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri, zai gaya maka masunci ne na ƙarshe wajen cin ribar kifinsa. Tun kafin ya tura kwale-kwale ruwa bashi na wuyansa, dillali ne ya sai masa koma da ƙugiya har da man inji, to in ya fito da tarwada wa zai kai wa? Kuɗin da mai bashi ya yanka shi ne kuɗi, ba ciniki.

Shi ma dillalin ba wai a inuwa yake ba fa. Na sha buɗe kwali in tarar ƙwari sun shiga, sama lafiya lau, ka zura hannu ƙasa sai gari da ƙaya, saboda bandar ba ta ji wuta sosai ba ko mota ta daɗe a hanya, ga kuɗin lodi ga na masu shinge, kuma mutumin Onitsha da ya zo sari ba ruwansa, ɗagawa ɗaya zai yi ya ji nauyi ya rage maka kuɗi. Wasu har maganin ƙwari suke fesawa, wannan kam wallahi zalunci ne, mutane ne za su ci.

Da aka kai harin Baga a Janairun 2015, aka kuma hana safarar kifin tafkin Chadi, kasuwar ta mutu murus, masu ɗaurin kwali da 'yan dako da direbobi duk suka zauna. Amma cin kifi bai tsaya ba, na ƙanƙara ne ya cike gurbin. Dama ana cewa Najeriya na buƙatar wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai kai rabi ba, sauran Titus ne da shawa da busasshen kifin Norway, duk da dala ake shigo da su.

Kiwon tarwada a kududdufi ake ta yi wa mutane talla a matsayin mafita. To amma abincin kifin ne ke cinye mafi yawan jarin, kuma tunda aka saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata daraja a 2023 buhu ya yi tashin gwauron zabi, na san masu kiwo da dama da suka kwashe kifinsu tun bai girma ba suka sayar wa masu banda, kududdufin kuma har yau a bushe yake.