Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Koci Ya Auna Ni

Jama'a barkanmu da wannan mako, mun tsaya inda aka ɗauko mu daga Yauri bayan Rigata, bikin tseren jiragen ruwa, aka kai mu sansanin horon tseren kwale-kwale a Abuja.

To ni dai a raina na gama cin gasa, ɗan Sarkawa masunta ne ni, da filafili a hannu na tashi. Koci ko kallon damtsena bai yi ba. Tef ya ciro yace miƙe hannayenka, ya auna daga yatsa zuwa yatsa, ya zaunar dani a benci ya auna gadon bayana daga ƙugu zuwa kafaɗa, sai ya gyaɗa kai yace yaro hannunka ya fi tsayinka, da irin wannan ake kamo ruwa daga nesa. Nace Oga ƙarfi fa? Yace ƙarfin yana baya da ƙugu da cinya, hannu ɗan aike ne kawai.

Ban gane ba sai da aka kawo jirgin. Tsawonsa mita 5 da ɗoriya amma siriri kamar ɓawon gyaɗa, kuma ba zama ake ba, gwiwa ɗaya zaka durƙusa ɗaya ƙafar a gaba, gefe ɗaya tal kake tuƙi kuma da filafilin nan zaka riƙa saita hanya kar ya karkace. Wallahi ina hawa na tsinci kaina a ruwa, yaran Legas suna ta dariya, wani ƙato da yazo tare damu mai ƙirji kamar ɗan dambe shi ko tsayuwa jirgin bai bar shi yayi ba, nauyinsa duk a sama yake ƙugu a sandare.

Sai maganar numfashi. Mita 200 fizga ce ta ƙasa da minti ɗaya, amma mita 1000 kusan minti 4 kake yi cinya na ci da wuta, in huhunka ƙarami ne tun rabi zaka saki. Dana fara ƙorafin ni ba dogo bane sosai koci ya kawo min Isaquias Queiroz na Brazil, ƙoda ɗaya gare shi tun yana yaro kuma ya ɗauki zinare a mita 1000 a Olamfik ɗin Tokyo, inda 'yar Najeriya Ayomide Bello ma ta fafata a mita 200. Yace wuce ka koma ruwa.

Gwiwata ta dama kuwa kwana biyu ta kumbura ta yi suntum, sallah ma a zaune nake yi. Yadda Inna ta ji labari ta buga waya tace a dawo mata da ɗanta, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.