Gam ɗin da Ke Narkar da Roba: Yadda Nake Manne Ƙananan Jiragena

Kamar yawancin yaran unguwarmu, da karan dawa na fara ƙera mota, inda tsinke da ƙaya ne ke riƙe komai. Saboda haka ranar da kawuna ya dawo daga tafiya ya miƙa mini kwalin ƙaramin jirgin yaƙi samfurin Spitfire, wanda aka ƙanƙance shi sau 72 har faɗin fuka-fukansa ya dawo kimanin santimita 15 da rabi, ban ga wani abin wahala a cikinsa ba. Na sayo sufa gulu a shagon bakin layi, na zauna da yamma ɗaya na haɗa shi. Kafin magariba murfin ɗakin matuƙi ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa alli, shatin yatsana ya zauna daram a gefen jirgin, kuma bayan mako guda fiffike ɗaya ya ɓalle da ya faɗo daga kan tebur. Laifin duk nawa ne, domin ban tsaya na tambayi kaina da wace irin roba aka yi jirgin ba, kuma amsar wannan tambaya ita ce ke zaɓa wa mutum gam.

Kusan dukan waɗannan samfura na jirage da tankokin yaƙi da motoci ana yin su ne da robar da ake kira folistirin, wadda ake narkarwa a tura ta cikin mazubin ƙarfe, ta fito da sassan suna maƙale a jikin firam. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da jirgin ruwan Golden Hind a 1952 da Spitfire a 1953, Tamiya kuma da ke birnin Shizuoka a Japan ya fara ne da sana'ar katako a 1946 kafin ya koma ga roba, har ya shahara da tankoki masu ma'aunin ɗaya bisa 35. Wannan roba tana da wata ɗabi'a da mai haɗa samfuri yake cin moriyarta, wato wasu sinadarai suna narkar da ita nan take. Gam ɗin da aka yi dominta, wanda masu harkar ke kira siminti, aikinsa ya fi kama da walda. Yana tausasa fuskokin biyu, robar wannan ɓangare ta cakuɗa da ta wancan, sannan sinadarin ya bi iska ya bar roba guda ɗaya. Idan aka yi shi daidai babu wani abu na uku da ya rage a tsakani, shi ya sa mahaɗar ke da ƙarfi, shi ya sa kuma kuskure ba ya gyaruwa cikin sauƙi, tun da jikin jirgin ne kansa ya narke.

Simintin da aka fara sani shi ne mai kauri na cikin bututu, irin na kamfanonin Humbrol da Testors, wanda aka narkar da 'yar roba a cikinsa. Yana ba mutum lokacin daidaita sassa, amma yana jan zare kamar miyar kuɓewa, kuma da wuya a matso daidai abin da ake buƙata. Idan dole ne a yi aiki da shi, gara a matsa kaɗan a kan murfin kwalba a riƙa ɗiba da tsinken sakace. Sai mai matsakaicin kauri, kamar Revell Contacta Professional, wanda ke fita ta siririyar allurar ƙarfe. Wannan yana da daɗin aiki a wurin manyan sassa, sai dai allurar tana yawan toshewa, kuma ni da siririyar waya nake buɗe ta.

Wanda ya sauya mini aiki gaba ɗaya shi ne mai ruwa-ruwa, irin Tamiya Extra Thin mai koren murfi, a kwalbar mililita 40 da ɗan buroshi a jikin murfin, ko Mr. Cement S. Tsarin aiki da shi ya saɓa wa abin da hannu ya saba. A sauran gam ana shafawa ne sannan a haɗa, a wannan kuwa ana fara haɗa sassan a bushe, a tabbatar sun zauna, sannan a taɓa bakin buroshi a kan layin mahaɗar. Ruwan da kansa yake bin tsagar ya shige ciki, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Idan ina haɗa ɓari biyu na gangar jikin jirgi, nakan bar 'yar tazara kamar kaurin gashi, in ɗiga ruwan, in jira daƙiƙa goma zuwa ashirin, sannan in matse. A lokacin wani siririn layi na narkakkiyar roba zai ɓullo a kan mahaɗar. Sabon shiga yakan yi hanzarin goge shi da yatsa, kuma wannan ne babban kuskure. A bar shi ya kwana ya ƙanƙare, washegari a kankare shi da bayan reza a bi da samfefa mai laushi, sai layin ya ɓace kamar da ma jirgin a haɗe aka zubo shi. Ba na manne gangar jikin a tashi ɗaya. Nakan fara daga hanci, in yi santimita uku ko huɗu, in riƙe, sannan in matsa gaba zuwa wutsiya.

Wannan saurin bin tsaga shi ne kuma haɗarinsa. Ruwan bai san bambancin tsagar da ke tsakanin sassa biyu da wadda ke tsakanin yatsa da roba ba. Idan yatsa yana kusa da layin, zai shige ƙarƙashinsa ya buga shatin yatsan a jikin fiffike. Haka yake yi da robar ɗaure kuɗi da salatef idan an naɗe jirgin da su kafin a ɗiga, don haka sai ya ɗan sha iska nake ɗaurewa. In kuwa ɗigo ya faɗa inda ba a so, maganinsa shi ne a ɗauke hannu a ƙyale shi. Yawanci zai bushe ya bar ɗan ƙyalli kawai wanda fenti zai rufe, amma da zarar an taɓa shi yana ɗanye to an sayi aikin samfefa.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Rabin abin da ke cikin kwalbar Tamiya Extra Thin kusan asiton ne, sinadarin da ake goge jan farce da shi, kuma yana tafasa a ma'aunin zafi 56 kacal. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura 40, buroshi yakan bushe tsakanin kwalba da jirgi, musamman in fanka na kaɗawa. Na koma yin aikin manne da sassafe, ina rufe kwalbar bayan kowace ɗiba, domin na taɓa barin ta a buɗe na tafi sallar la'asar, na dawo na tarar ta ragu yadda ido zai gani. Rufe ɗaki kuma ba mafita ba ne, saboda warin yana hawa kai. Matsalar shaƙar gam ta taɓa damun Amurka har kamfanin Testors ya riƙa zuba man mustad a cikin nasa a ƙarshen shekarun 1960 don ya hana yara zuƙa, kuma mu da muka ga abin da sholisho ya yi wa matasanmu ba ma buƙatar dogon bayani. A buɗe taga, a nisanci wuta, a ajiye kwalbar inda hannun yara ba ya kai wa.

Siminti ba ya cin fenti yadda zai kai ga robar da kyau, ba ya kuma cin ƙyallin nan mai kama da azurfa da ake shafa wa bamba da ƙafafun ƙananan motoci. Duk inda za a manne, sai an kankare har ainihin robar ta bayyana.

Sufa gulu, wanda na yi wa jirgina na farko ɓarna da shi, yana da nasa wurin da babu mai maye shi. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka mai suna Harry Coover ne ya ci karo da sinadarinsa a 1942 lokacin da ake neman roba mai haske don saitin bindiga, aka yi watsi da shi saboda yana manne wa komai, sannan aka sake gano amfaninsa a kamfanin Eastman Kodak a 1951, ya shiga kasuwa a 1958 da sunan Eastman 910. Shi ba ya narkar da komai. Ƙanƙarewa yake yi a tsakanin fuskoki biyu ya riƙe su. Saboda haka shi ne abin amfani ga duk abin da siminti ba ya ci, kamar siraran sassan tagulla da ake yi wa bel ɗin kujerar matuƙi da ragar injin tankar yaƙi, da bututun bindiga na ƙarfe, da sassan resin, wato wata roba daban da ake zubawa a mazubi tana ruwa ta ƙanƙare. Yana da ƙarfi idan an ja shi a miƙe, amma bugu daga gefe yana ɓalle shi, abin da ya sami fiffiken Spitfire ɗina ke nan. Ba na taɓa matsa shi kai tsaye a kan samfuri. Nakan ɗiga shi a kan murfin kwalba, in ɗiba da bakin allura ko siririyar waya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne laimar da ke cikin iska da kan fuskar abu ce ke sa shi ƙanƙarewa, shi ya sa yake kama fatar yatsa kafin ƙiftawar ido. Wannan ya warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai: gam ɗin da ke kamawa nan take da damina, sai ya riƙa jan ƙafa a cikin hunturu, har na riƙa zargin cewa jabu aka sayar mini. Iskar ce ta bushe. Hura masa numfashi sau ɗaya ko biyu yakan wadatar. Garin bekin soda kuma yana ƙanƙarar da shi nan take, har ana cike rami da haɗin, sai dai a goge shi da samfefa cikin sa'a ta farko, domin in ya kwana yakan fi robar da ke kewaye da shi tauri, samfefar ta cinye jirgin ta bar shi tsaye. A kiyaye shi da auduga, saboda idan ya jiƙa ta yana yin zafin da zai iya ƙona fata. Asiton yana warware shi daga yatsu, amma kada a kai asiton jikin samfurin, tun da shi ma narkar da folistirin yake yi.

Farin da ya ɓata mini murfin ɗakin matuƙi tururin sufa gulu ne, wanda ke tashi ya sauka a kan roba mai haske, ya fi kuma kama inda maiƙon yatsa ya taɓa. Siminti ma yana dusashe ta idan ya malala. Maganin yana shagon kafinta: farin gam na katako, irin su Top Bond, yana bushewa garau, ba ya taɓa robar, kuma abin da ya tsatso ana share shi da jiƙaƙƙen tsinke mai auduga. Riƙonsa ba shi da ƙarfi, amma murfin gilashi ba kaya yake ɗauka ba, kuma in ya zauna a karkace ana ɓamɓare shi a sake. Akwai Micro Kristal Klear da aka yi musamman don wannan aiki, har ana cike ƙananan tagogin jirgin fasinja da shi, sai dai ni ban ga bambancin da zai sa in jira saƙo daga waje ba alhali na kafinta yana kusa.

Gam mai bututu biyu da ake kwaɓawa, wanda muka fi sani da sunan Araldite, ba kullum nake ɗauko shi ba. Wurinsa shi ne inda nauyi yake, kamar manyan sassan resin ko ƙafafun jirgi na ƙarfe, da kuma dalmar da ake sakawa a hancin jirgi mai ƙafa a gaba don kada ya zauna a kan wutsiyarsa. A nan ma na sha darasi. Na taɓa cika hancin wani jirgi da dalma na kwarara mata siminti mai kauri, na rufe gangar jikin, na yi fenti. Sinadarin bai sami hanyar fita ba, sai ya ci gaba da cin robar daga ciki, bayan kwana uku hancin ya yi laushi ya lotsa kamar tumatirin da ya kwana a kwando. Da na kwaɓa mai bututu biyu, wanda ke ƙanƙarewa ba tare da buƙatar iska ba, da jirgin yana nan a kan kanta. Gam ɗin masu gyaran takalma da bindigar gam mai zafi kuwa ba su da aiki a nan: na farko yana cin robar, ta biyu tana lanƙwasa siraran sassa.

Akwai kuma robobin da ba folistirin ba. Ƙananan sojoji masu laushi da ake yi da foliyetilin kusan babu gam ɗin da ke kama su da kyau. Wasu sassan cikin mutum-mutumin Gundam na kamfanin Bandai da robar ABS ake yin su, wadda ke da nata siminti daban, ko da yake su an tsara su ne su shige juna ba tare da gam ba. Jikin firam ko takardar bayani yawanci suna ɗauke da haruffan da ke nuna irin robar, PS (folistirin) ko ABS ko PE (foliyetilin), kuma duba su bai kai minti guda ba.

Da yake simintin roba na ainihi ba ya samuwa a kasuwanninmu sai an yi oda ko an ba matafiyi sautu, wasu abokai kan tambaye ni ko gam ɗin bututun ruwa na masu aikin famfo zai yi. Yana narkar da folistirin, amma da ƙarfin da ya wuce kima da kaurin da ba ya barin aiki mai tsafta, don haka ba na ba da shawararsa. Duk wani gam da ban sani ba, a kan firam nake gwada shi: in yanko guntaye biyu, in manne, in bar su su kwana, da safe in karya in ga ko mahaɗar ce ta saki ko robar ce ta tsage. Shi ya sa ba na zubar da firam. Idan kwalbar siminti ta kusa ƙarewa, nakan yayyanka shi ƙanana in zuba a ciki, bayan kwana biyu ya narke ya zama kamar kunu mai kauri, in riƙa cike tsaga da shi. Yana buƙatar kwana biyu ko uku kafin ya ƙanƙare sosai, kuma a shafa shi sirara-sirara, in ba haka ba zai yi wa fiffike abin da simintin nan ya yi wa hancin jirgina.